Gwajin Ƙamus Mai Jeri a Direban Ma'adanar Bayanai: Inda Ake Zamewa

Legas tana kan kusan digiri 6.5 ta arewa da digiri 3.4 ta gabas. Idan aka juya waɗannan lambobi biyu, ta farko ta koma mazaunin ta biyu, wurin da za su nuna yana tsakiyar teku ne, kusan kilomita 100 kudu da gaɓar Bayelsa. Duka lambobin halastattu ne, don haka kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba. A ma'adanar bayanai ta MongoDB, idan aka ajiye wuri ta tsohuwar hanya, wato ƙaramar takarda mai gurabe biyu a cikin babbar takarda (takarda ita ce sunan da MongoDB ke kiran kowane ƙunshin bayani da ta ajiye), ma'adanar ba ta duba sunan da ka raɗa wa gurbin. Na farko shi take ɗauka a matsayin gabas ko yamma, na biyu kuma arewa ko kudu. Wanda ya rubuta manhajar kai saƙo tsakanin Agege da Idi-Araba, in abin da ke riƙe masa bayanan ya sauya jerin gurabe biyun nan, to kwastomominsa duk sun koma cikin ruwa, kuma babu wani jan rubutu da zai fito ya sanar da shi.

Wannan shi ya sa nake ganin gwajin ƙamus mai jeri ya cancanci a zauna a yi masa fashin baƙi, duk da cewa a ido ƙaramin abu ne. 'Yan'uwanmu matasa da ke koyon rubuta manhaja a Yaba da Ikeja suna ƙaruwa, kuma da yawansu da MongoDB da harshen Python suke fara aiki.

Direba a nan shi ne guntun manhajar da ke tsaye tsakanin shirin da ka rubuta da ma'adanar bayanai. Kai kana magana da Python, ma'adanar kuma abin da take ji shi ne BSON, wani tsari na jera bayanai bayit bayan bayit. Direba ne ke juya wannan zuwa wancan, ya kuma dawo da amsa. Na Python sunansa PyMongo. Ƙamus kuma shi ne ma'ajin da ke haɗa kowane mabuɗi da ƙimarsa: suna da Musa, unguwa da Obalende, kuɗi da 4500. A asalinsa ƙamus bai yi alkawarin jeri ba. Ka ba shi mabuɗi, ya ba ka ƙima cikin sauri, iyakar yarjejeniyar ke nan. Ƙa'idar JSON ma haka ta ce, a takardar RFC 8259 ta shekarar 2017: tarin sunaye da ƙimomi ne marar jeri. Amma BSON, da yake a jere ake rubuta shi, dole wani gurbi ya riga wani, kuma MongoDB ta ɗora ma'ana a kan wannan rigayen a wurare da dama.

Wuri na farko shi ne umarni. Duk umarnin da direba zai aika wa uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da ma'adanar, takarda ce, kuma mabuɗin farko na takardar shi ne sunan umarnin. Idan kana son ƙirga ododi, count ne zai zo farko, sannan query. In suka juye, uwar garke za ta ce ba ta san wani umarni mai suna query ba. Wannan da sauƙi, domin yana yin ƙara. Na biyu shi ne fihirisa, wato jadawalin da ma'adana ke ginawa don saurin nema, mai gurabe fiye da ɗaya. Fihirisar da aka gina a kan unguwa sannan rana tana taimaka wa mai neman unguwa kaɗai, amma ba ta yi wa mai neman rana kaɗai wani amfani na kirki. In jerin ya juye, amsa za ta fito daidai, sai dai a hankali, kuma ba za a lura ba sai bayanai sun taru. Na uku shi ne neman ƙaramar takarda sukutum: in ka nemi adireshi mai titi sannan lamba, alhali an ajiye shi lamba sannan titi, MongoDB za ta ce babu. Shiru kawai, kamar ba a taɓa ajiye komai ba.

Lokacin da MongoDB ta fito a 2009, ƙamus ɗin Python ba ya riƙe jeri. OrderedDict ya shigo a Python 3.1 a wannan shekarar, ya iso 2.7 a 2010, amma direba dole ya yi aiki da tsofaffin zubi ma. Shi ya sa PyMongo ke da nasa, mai suna SON. Gininsa mai sauƙin fahimta ne: ya gaji ƙamus na yau da kullum, wato an gina shi a kansa ya ɗauki duk hanyoyin aikinsa, sannan ya ajiye wani jeri na mabuɗai a gefe. Duk lokacin da aka ƙara sabon mabuɗi, ya shiga ƙamus, ya kuma shiga ƙarshen jerin. In aka cire, a cire a duka biyun.

To a nan haɗarin yake kwance. Abu ɗaya ne ake ajiye labarinsa a wuri biyu, kuma duk ƙofar da ta taɓa ɗaya ta bar ɗaya ta ɓata ginin. A Python ɗin da kowa ke amfani da shi, wanda aka rubuta da harshen C, idan ka gaji ƙamus ka sake rubuta hanyar saka mabuɗi, wasu hanyoyin gado irin su update da setdefault ba sa bi ta sabuwar hanyarka. Kai tsaye suke zubawa a cikin ƙamus. Sakamakon haka sai ka tambayi tsawon ƙamus ya ce 4, ka bi jerin mabuɗai ka ga 3. Mabuɗi na huɗu yana nan in ka kira sunansa, amma ba zai taɓa fita zuwa ma'adana ba in direba ta jerin yake bi. Saboda haka abu na farko da mai gwaji zai riƙe shi ne wannan sharaɗi: bayan kowane irin taɓawa, mabuɗan da ke cikin jeri su ne daidai mabuɗan da ke cikin ƙamus, babu ragi, babu ƙari, babu maimaici. Ni shawarata a rubuta wannan binciken sau ɗaya a matsayin ɗan aiki mai zaman kansa, a riƙa kiran sa a ƙarshen kowane gwaji.

Gwajin ɓangare kuwa, shi ne ka ware guntu ɗaya na kod ka gwada shi shi kaɗai, ba tare da uwar garke ko intanet ba. Python ta zo da kayan aikinsa, unittest, tun zubi na 2.1 a 2001, kuma yau mutane da yawa pytest suke amfani da shi. Ga mu da ke Legas wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Ƙamus mai jeri ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar a kunna ma'adana. Ko an ɗauke wuta, muddin akwai sauran caji a kwamfutarka, ɗaruruwan irin waɗannan gwaje-gwaje za su ƙare kafin ka ajiye kofin shayi.

Matsalar ita ce gwajin jeri yana da sauƙin rubutawa ta yadda ba zai taɓa faɗuwa ba. Wani ƙanena da ke koyon aikin ya taɓa nuna mini nasa, yana murna. Ya ce, "Yaya, duba, duk sun yi kore," wato duk gwaje-gwajen sun wuce. Na ce masa, "To madalla, ƙanena. Yanzu je ka cikin kod ɗin ka juya jerin mabuɗan da gangan, na ƙarshe ya koma farko, sai ka sake gwadawa." Ya juya, ya sake, suka sake yin kore. Abin da ya rubuta shi ne assertEqual, wato binciken daidaito, tsakanin ƙamus ɗinsa mai jeri da wani ƙamus na yau da kullum da ya rubuta da hannu. A Python, idan aka kwatanta ƙamus mai jeri da marar jeri, ba a duba jeri ko kaɗan. Gwajin nasa yana tabbatar da cewa mabuɗai da ƙimomi sun cika, amma abin da aka gina ma'ajin dominsa bai ko kalle shi ba. An yi ba a yi ba.

Maganinsa shi ne a fito da jerin fili. A mayar da abin da ke ciki zuwa jerin tagwaye, mabuɗi da ƙima, a kwatanta shi da jerin da ake sa rai. Jeri da jeri ba sa zama daidai sai kowane abu yana mazauninsa. Haka za a yi wa mabuɗai su kaɗai, da ƙimomi su kaɗai, da zagayawa a kan ƙamus ɗin kai tsaye, domin kowace daga cikin waɗannan ƙofa ce daban, kuma ɗaya na iya gyaruwa ɗaya ta karkace.

Zaɓen mabuɗan gwaji ma yana da nasa tarkon, kuma a nan ne na fi ganin ƙwararru suna zamewa. Hannu ya saba rubuta a, b, c. Amma in wani ya yi kuskure ya sa ƙamus ɗin yana tsara mabuɗai bisa abacada maimakon bisa shigowa, gwajin a, b, c zai wuce lafiya, tun da jerin shigowa da na abacada sun zo ɗaya. Haka 1, 2, 3: a Python ƙananan lambobi su ne lambar zanen kansu (hash, wato lambar da ƙamus ke lissafawa daga mabuɗi don zaɓa masa wurin zama), don haka ko a tsohon ƙamus marar jeri sukan fito a tsare. Dole mabuɗan su shigo a hargitse, ba bisa abacada ba, ba kuma bisa juyinta ba. Sannan yawansu yana da tasiri. Mabuɗai 2 hanya biyu kawai ake jera su, don haka ko ƙamus ɗin da ke watsa su yadda ya ga dama zai ci gwajin rabin lokaci. Mabuɗai 5 suna da jeri 120, mabuɗai 10 kuma 3,628,800. Wanda ya gwada da biyu ya bar wa sa'a rabin hukunci. Akwai ma ƙarin dalili: tun daga Python 3.3 lambar zanen kalmomi tana sauyawa duk lokacin da aka tayar da shiri, sai in an ɗaure ta da PYTHONHASHSEED. A wancan zamanin gwaji mai rauni yakan wuce da safe ya faɗi da yamma ba tare da an taɓa kod ba, mutane su ɗora laifin a kan na'ura.

Sai ƙa'idar mazauni, wadda dole a rubuta ta a gwaji domin kowa na da nasa zaton. Ka ɗauki layin shiga motar BRT a Oshodi. Wanda yake kan layi ya sauya hularsa, yana nan a inda yake. Wanda ya fita ya tafi sayen ruwa bai bar wa kowa amana ba, in ya dawo baya zai koma. Haka ƙamus mai jeri: sauya ƙimar mabuɗin da yake ciki ba ya motsa shi, amma cirewa da sake sakawa na kai shi ƙarshe. Kowanne na buƙatar gwajinsa. Na farkon yana kama wani kuskure da ya zama ruwan dare, inda ake ƙara mabuɗi a jeri ba tare da duba ko yana ciki ba, sai ya bayyana sau biyu. Haka in an gina ƙamus daga tagwayen da mabuɗi ɗaya ya maimaitu a cikinsu: mazaunin farko ne zai tsaya, ƙimar ƙarshe ce za ta zauna. Kada a manta da ƙamus fanko, da mai mabuɗi ɗaya tak, da cire mabuɗin da babu shi. A wannan na ƙarshen bai isa a ga kuskuren KeyError ya tashi ba, sai an duba cewa bayan tashinsa ma'ajin yana nan yadda yake, ba a cire rabi an bar rabi ba.

Maganar daidaito ta fi kowace zurfi. SON da SON sai jeri ya zo ɗaya suke zama daidai. SON da ƙamus na yau da kullum kuwa, mabuɗai da ƙimomi kawai ake dubawa. OrderedDict ma haka yake. Wannan na haifar da wani abu da ya saɓa wa lissafin da aka koya mana a makaranta. Ɗauki guda uku masu ɗauke da kaya iri ɗaya: na farko mai jeri ne, suna sannan unguwa, na biyu marar jeri ne, na uku mai jeri ne, unguwa sannan suna. Na farko daidai yake da na biyu, na biyu daidai yake da na uku, amma na farko da na uku sun bambanta. Da gangan aka yi haka, don mai jeri ya iya shiga duk inda ake karɓar ƙamus na yau da kullum. A ganina wannan sassauci ne mai tsada, amma tun da an zaɓe shi, wajibi ne gwaji ya tsare shi ta fuskoki uku ɗin nan, kuma ta hagu da ta dama, domin Python na iya kiran hanyar kwatanci ta wani ɓangaren daban gwargwadon wanda aka rubuta farko. A zamanin Python 2 ma "ba daidai ba" aiki ne mai zaman kansa wanda sai an rubuta shi daban, kuma wanda ya manta yakan sami abubuwa biyu da suke daidai kuma ba daidai ba a lokaci guda. Python 2 ta yi ritaya a ranar 1 ga Janairun 2020, amma layi ɗaya ne gwajin, ban ga dalilin cire shi ba.

Kwafi abu ne da za a wuce da sauri: kwafin sama ya riƙe jeri da nau'i, kwafin zurfi kuma in an taɓa cikinsa kada asali ya motsa. Wanda ya fi ban sha'awa shi ne pickle, hanyar da Python ke daskarar da abu ta ajiye, ta farfaɗo da shi daga baya. Wajen farfaɗowa, a sababbin ƙa'idojinsa, pickle ba ya kiran __init__, wato aikin da ke shirya sabon abu bayan an ƙirƙire shi. Yana ƙirƙirar abin ta __new__, ya fara zuba mabuɗai, sannan ya maido da sauran kayan cikinsa. In jerin mabuɗanka a __init__ kaɗai ake haifar da shi, mabuɗin farko zai iso ya tarar babu jerin da zai shiga. Shi ya sa SON ke samar da jerin tun a __new__. Ƙa'idojin pickle sun kama daga 0 zuwa 5, ta biyar ta zo da Python 3.8, kuma ba hanya ɗaya suke bi ba, don haka gwaji ya zagaya dukkansu. Wanda ke raba aikin Python tsakanin shirye-shirye da yawa masu gudana lokaci guda yakan yi amfani da pickle ko bai sani ba.

Akwai kuma mayar da mai jeri zuwa ƙamus na yau da kullum, abin da SON ke kira to_dict. Gwajin kirki zai cusa mai jeri a cikin mai jeri, ya cusa wani a cikin jerin abubuwa, ya tabbata an bi su har ƙasa. A nan ma kwatanci da alamar daidai ba zai nuna komai ba, tun da mai jeri da marar jeri daidai suke a idonta. Nau'in abin za a tambaya kai tsaye.

Duk wannan bai kai ga inda jerin ke da amfani ba, wato bayit ɗin da ke fita. Takarda mai mabuɗin a da ƙima 1, da mabuɗin b da ƙima 2, bayit 19 ce a BSON: huɗu na tsawo, bakwai-bakwai na gurabe biyu, ɗaya na rufewa. In aka juya guraben, tsawon na nan 19, amma bayit ɗin sun bambanta. Gwajin da na fi amincewa da shi shi ne wanda aka rubuta bayit ɗin da ake sa rai da hannu, aka kwatanta da abin da direba ya fitar. Gwajin kai-da-kawowa, wato a juya zuwa BSON a dawo da shi a kwatanta, yana da amfani, amma yana da makanta: in mai rubutawa da mai karantawa sun yi kuskure iri ɗaya, za su rufa wa juna asiri. Kuma PyMongo na da injin juyawa biyu, ɗaya da C don sauri, ɗaya da Python zalla don inda na C bai samu ba. Na C yana iya leƙa cikin ƙamus ta hanyar da ba ta bi ta kod ɗin Python ba, saboda haka gwaji ɗaya dole ya bi ta injinan biyu. Akwai togaciya guda da ya kamata a rubuta mata gwajinta: gurbin _id a babbar takarda kullum shi ne farko a MongoDB, ko a ina ka sa shi. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka direba ya lalace, wanda kuma ya zo gyara daga baya zai iya cire shi yana zaton kuskure ne, in babu gwajin da zai tsayar da shi.

Na san tambayar da ke zuciyar mai karatu. Tun Python 3.6 a 2016 ƙamus na yau da kullum ya fara riƙe jerin shigowa, a 3.7 kuma a 2018 aka mayar da haka alkawarin harshen. To me ya rage? Gaskiya ne, a sabon kod ƙamus na yau da kullum ya isa a aika umarni. Amma wannan sauyi ya ƙara wa mai gwaji wahala ne. A da, in jerin gefe ya lalace, hargitsin ƙamus na ƙasa yakan tona asiri nan take. Yanzu na ƙasan ma a jere yake, don haka kod ɗin da ya karye zai iya fitar da amsa daidai a mafi yawan lokuta, sai a wani lungu inda jerin biyu suka rabu. Kuma daidaiton ƙamus na yau da kullum har gobe ba ya duba jeri.

Sannan ba kowa ke Python ba. A kamfanonin da ke Lekki da Yaba za ka tarar da shiri ɗaya da Python, wani da Go, wani da JavaScript, duk suna rubutu a ma'adana guda. Go da gangan take hargitsa jerin taswirarta, wato irin nata ƙamus, shi ya sa direbanta ke da bson.D mai jeri da bson.M marar jeri, kuma harafi ɗaya ne tsakaninsu. JavaScript tana riƙe jerin shigowa, amma mabuɗan da suka yi kama da lambobi, irin su "2024" ko "10", tana ɗauko su ta kai gaba ta tsara su daga ƙarami zuwa babba. Mai ajiye cinikin shekara-shekara da shekarun a matsayin mabuɗai zai gamu da wannan. Direban Java kuwa a kan LinkedHashMap ya gina takardarsa, wadda ke riƙe jeri. Duk wanda ke gwada irin wannan ma'aji ya sa mabuɗai masu kama da lamba a cikin kayan gwajinsa.

Idan hannu ya gaji da ƙirƙiro misalai, akwai hanyar da Koen Claessen da John Hughes suka gabatar a manhajar gwaji ta QuickCheck a 2000, wadda a Python ake samu ta manhajar Hypothesis. Maimakon ka rubuta misali, sai ka rubuta sharaɗi, na'ura ta ƙirƙiro jerin ayyuka barkatai: saka, cire, sabunta, kwafa, sake sakawa. Kana gudanar da su a kan ƙamus ɗinka da kuma wani samfuri mai sauƙi wanda ba a shakkarsa, misali jerin tagwaye zalla, kana kwatanta su bayan kowane mataki. In suka saɓa, Hypothesis zai rage jerin ayyukan zuwa mafi gajarta da ke haifar da saɓanin, sau da yawa matakai uku ko huɗu. Wannan gajeren jerin sai a ɗauke shi a rubuta shi a matsayin gwaji na dindindin, a ajiye shi kusa da gwajin bayit.